Jawabi a Kan Mutuwar Taurari, Wanda Aka Yi wa Malamai da Almajirai a Kurmin Kogi

Da sunan Allah muke farawa, kuma gare Shi muke neman taimako. Godiya ta tabbata ga Wanda Ya kunna fitilun sama, Ya yanka wa kowace ajalinta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da wanda ya bi su da kyautatawa.

Bayan haka, ya ku malamaina, Allah Ya gafarta muku, da ku almajirai na Kurmin Kogi da waɗanda suka tako daga Ikara da Makarfi da Kudan, ku sani abin da ya sa ƙungiyarmu ta ɗora mini wannan magana abu biyu ne da suka dame mu a ƙasar nan.

Na farko, mutum ya sha wahalar rake shekara guda, ko ya yi ta ban ruwan tumatir da barkono duk rani, in kuɗi ya shigo sai ya yanki wani abu ya kai wa mai duba, domin a gaya masa ko tauraronsa yana sama ko ya faɗi. Kun san auren da aka fasa bayan an kai kaya, ba don wani aibi ba sai don an ce taurarin yaro da yarinya ba su haɗu ba. Na biyu kuwa kishiyar wannan ne. Akwai daga cikinmu wanda in ya ji an ambaci tauraro sai ya toshe kunne, ya ce duk sihiri ne, ya hana ɗalibinsa ko ɗaga kai. Na ga maganin duka biyun ɗaya ne, watau a san mene ne tauraro. Saboda haka zan ba ku labarin abin da masu ilmin falaki suka gano game da yadda tauraro yake tsufa, da yadda yake mutuwa, da abin da yake bari bayansa.

Mu fara raba abu biyu da jahilci ya gama. Ilmin falaki shi ne sanin tafiyar rana da wata da taurari ta hanyar kallo da hisabi. Da shi ake sanin alƙibla da lokutan salla, da shi kakanninmu suke ƙirga manziloli ashirin da takwas su san kusantowar damina, suna lura da ɓuyar Kaza da 'ya'yanta da fitowarta. Tanjimi kuwa shi ne da'awar cewa tauraro yana da hannu a arzikin mutum ko ajalinsa. Malamai sun halatta na farko, sun hana na biyu. An ruwaito daga Ƙatada, tabi'i, cewa ya tsare amfanin taurari a ado ga sama, da jifan shaiɗanu, da alamun da matafiyi ke shiryuwa da su. Kun kuma san ranar da ɗan Annabi, Ibrahimu, ya rasu rana ta yi husufi, mutane suka danganta abin ga rasuwar, Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya gyara musu. Mu ma mun ga husufi a ranar Laraba 29 ga Maris 2006, da hantsi, duhu ya rufe Gusau da Katsina da Maraɗi, nan wajenmu rana ta rage kamar jinjirin wata. Masu hisabi sun faɗi ranar da sa'ar tun shekaru kafin ta zo, kuma babu mai duba ko ɗaya da ya riga su.

Wannan ilmi ba baƙo ba ne gare mu. Abdurrahmanis Sufi, mutumin Farisa, ya wallafa littafin surorin taurari a shekara ta 964, ya ambaci wani ɗan tabo a sama mai kama da gajimare, wanda ba ya gushewa daga wurinsa. A ƙasarmu kuma an yi Malam Muhammadu Alkashinawi, Bafillacen Katsina, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Shaihu Hasanul Jabarti, shi ma masanin falaki. Hisabinsa mai ƙarfi ne ƙwarai. Amma abin da ya rubuta na sirri da hatimai ba shi muke kiran almajirai gare shi ba, Allah Ya jiƙansa.

To, waɗannan tabo-tabo na sama su ne asalin maganarmu. Larabawa suna kiran irinsu sadimu, Turawa suna cewa nebula, ma'anarsa hazo. Ba duka iri ɗaya ba ne. Wanda Sufi ya gani, daga baya aka gane taron taurari ne masu yawa da nisa ya haɗe haskensu. Wani kuwa wurin haihuwar taurari ne. Irin da nake nufi yau shi ne na uku, ni kuwa zan riƙa kiransa likkafanin tauraro, za ku ga dalili.

Wanda ya fara ganin irin wannan wani Bafaranshe ne, Sharlu Mesiye, a daren 12 ga Yuli 1764, lokacin Shehu Usmanu, Allah Ya yarda da shi, yana yaro ɗan shekara tara. Mesiye tauraruwa mai wutsiya yake farauta da madubin hangen nesa, waɗannan tabo kuwa suna ruɗa shi, sai ya riƙa rubuta su da lamba don kada su sake ɓata masa dare. Wannan ya ba shi lamba 27. A 1779 aka ga wani mai kama da zobe, ya samu lamba 57. Sa'an nan Wiliyam Harshal a Ingila, wanda ya gano tauraro mai tafiya da ake kira Yuranas a 1781, ya ga waɗansunsu kewayayyu ne, masu ɗan kore-kore, kamar fuskar taurari masu tafiya irin su Mushtari da Zuhalu, sai sunan hazo mai kama da tauraro mai tafiya ya bi su. Sunan kuskure ne, babu abin da ya gama su da Mushtari, amma ya zauna har yau, kamar yadda yaro kan girma da laƙabin da kakarsa ta sa masa.

Shekara ɗari ana gardama: shin hazo ne na gaskiya, ko taurari ne ƙanana da madubi ya kasa rabawa? Harshal da kansa a 1790 ya ga wani tauraro guda a tsakiyar hazo kewayayye, ya ce wannan kam ba taron taurari ba ne. Amma hujja yankakkiya ba ta zo ba sai 29 ga Agusta 1864, a hannun Wiliyam Hagins, a gidansa kusa da Landan.

A nan zan daɗe kaɗan, domin wannan shi ne mabuɗin ilmin duka, kuma almajiri ya kan tambaya, da gaskiyarsa: wa ya je can ya gani? Ku sani in hasken rana ya ratsa gilashi mai kusurwa uku, sai ya rabu launi-launi kamar bakan gizo. Abu mai kauri in ya yi zafi, kamar ƙarfe a maƙera ko jikin tauraro, bakansa cikakke ne daga ja har shuɗi. Amma iska mai zafi wadda ba ta da kauri ba ta ba da baka duka, sai waɗansu siraran layuka masu haske, kuma kowane irin sinadari da nasa layukan, ba ya aron na wani, kamar yadda kuke gane rubutun malami a allo ko bai sa suna ba. Hagins ya juya madubinsa ga hazon da ake kira Idon Kyanwa, can arewa, yana tsammanin baka, sai ya ga layi mai haske, kore, da waɗansu raunana kusa da shi. Nan take aka tabbatar iska ce mai haske.

Sai wata matsala ta taso. Wannan koren layi bai dace da na kowane sinadari da aka sani a duniya ba. Sai suka ce lalle wani sabon abu ne da babu shi a ƙasa, har suka raɗa masa suna nebuliyam. Suna da uzuri, domin a 1868 an ga layin hiliyam a hasken rana kafin a same shi a ƙasa a 1895. Aka yi ta neman nebuliyam shekara sittin da uku ba a samu ba. A 1927 wani Ba'amurke, Aira Bowen, ya nuna babu wani nebuliyam. Oksijin ne, iskar nan da muke shaƙa yanzu a wannan zaure, sai dai tana cikin halin da ba ta samu a duniya. Ga yadda abin yake. Ƙwayar oksijin in ta ɗauki ƙarfi tana bukatar a bar ta wajen rabin minti ko fiye kafin ta saki wannan koren haske. A iskarmu kuwa cunkoso ya yi yawa: wurin da bai fi ƙwayar sukari ba yana ɗauke da ƙwayoyin iska miliyan sau miliyan sau miliyan, har sau 25, suna karo da juna ba hutawa. A can kuwa wuri kamar wannan bai wuce ƙwaya ɗaruruwa ko 'yan dubbai ba. Misalinsa yarinya ce ɗauke da ƙwaryar nono cike. In ta ratsa tsakiyar kasuwa za a bangaje ta ya zube kafin ta kai, in kuwa hanyar gona ta bi ita kaɗai, sai ta isa da shi. Ku dubi yadda suka yi shekara sittin a kan zato, da hujja ta zo suka bar shi. Wannan hali na yaba, ina ma mu riƙe shi a tsakaninmu.

Yanzu mene ne tauraro? Rana tauraro ce, kusa ce kawai ta yi. Faɗinta ya ninka na duniya sau 109, tsakaninmu da ita kilomita miliyan 150, haskenta yana iso mu cikin minti takwas da 'yan kai. Mafi yawan jikinta haidurojin ne, iska mafi sauƙi. A cibiyarta, inda zafi ya kai digiri miliyan 15, haidurojin yana haɗuwa yana komawa hiliyam, tan miliyan 600 kowane sakan, daga nan zafi da haske suke fitowa. Rayuwar tauraro duka kokawa ce tsakanin abu biyu: nauyinsa yana danne shi ciki, zafin cibiya yana tura shi waje. Muddin akwai makamashi, ba wanda ya ka da wani.

Amma makamashi yana ƙarewa. In haidurojin na cibiya ya ƙare, sai cibiya ta tsuke ta ƙara zafi, wuta ta koma kewayenta, jikin tauraro na waje ya kumbura ƙwarai, fuskarsa ta huce ta yi ja. Maƙeri ya san wannan: jan ƙarfe bai kai fari zafi ba. Irin wannan suna kiransa jan ƙato. Kuna da ɗaya kuna gani kowane hunturu, Dabaranu, jan tauraron nan da ke bin Kaza a baya, wanda ke cikin manzilolin da kuka haddace. Nauyinsa bai fi na rana da yawa ba, amma faɗinsa ya ninka nata sau arba'in da wani abu. Tsoho ne. In zafin cibiya ya kai digiri miliyan 100, sai hiliyam shi ma ya kama, yana komawa kabon, watau asalin gawayi, da oksijin. In wannan ma ya ƙare a cibiya, tauraro ya shiga magagin mutuwa.

A wannan hali wutarsa ba ta ci daidai. Tana lafawa, sa'an nan ta taso gaba ɗaya, kamar tukunyar mazarƙwaila in ruwan rake ya kusa kamawa, ta yi shiru, ta bunƙaso da kumfa. Jikinsa ya yi girman da bakinsa na waje ya yi nisa da cibiya, riƙo ya yi rauni, sai ya riƙa zubar da jikinsa a sarari, iska da ƙura, a hankali, kilomita goma ko goma sha biyar a sakan. Tauraro kan zubar da rabin nauyinsa ta haka, wani fiye. A ƙarshe sai cibiya ta fito tsirara, ƙarama, mai zafin da ya wuce digiri 30,000, wata har ta haura 100,000, alhali fuskar rana ba ta kai 6,000 ba. Haskenta mai kaifi, wanda ido ba ya gani, shi ke bugun abin da ta zubar ya kama haske. Abin da Mesiye ya gani ke nan: tauraro a tsakiya, jikinsa na dā a kewaye da shi. Shi ya sa na ce likkafani.

Wannan bayani bai daɗe ba. Wani masani a ƙasar Rasha, Shikulofski, shi ya fara cewa a 1956 jajayen ƙattai su ne iyayen wannan hazo. A 1978 Sun Kwok da abokansa biyu a Kanada suka ƙara wani abu da ya warware dalilin da ya sa hazon yake da rami a tsakiya da baki mai kauri. Suka ce bayan iskar farko mai nawa, cibiya tsirara tana hura wata iska sirara mai gudun da ya wuce kilomita 1,000 a sakan, ta cim ma ta farko daga baya, ta share ta, ta tara ta a gefe, kamar yadda tsintsiya ke tara shara a bakin tsakar gida ta bar tsakiya fes.

Likkafanin ba ya daɗewa. Yana buɗewa da gudun kilomita 20 zuwa 30 a sakan, watau tafiyar Zariya zuwa Kaduna cikin sakan uku ko huɗu. Faɗinsa kan kai tafiyar haske ta shekara guda, haske kuwa yana cin kilomita 300,000 a sakan. Cikin shekara dubu goma zuwa dubu ashirin ko abin da ya ɗan fi, ya watse ya ɓace. Ga tauraron da ya rayu shekara miliyan dubbai, wannan kamar numfashin ƙarshe ne ga dattijo. Don haka ne ba a san da yawa ba: cikin taron taurarin da ranarmu take ciki, masu yawan miliyan dubu ɗari ko fiye, waɗanda aka ƙirga suna da likkafani 3,000 ne da wani abu. Har an ga ɗaya yana dushewa a idon mutane. Madubin Habul, wanda aka harba sama a 1990, ya ɗauki hoton wani ƙarami a 1996, ya sake ɗauka a 2016, aka tarar hasken oksijin nasa ya ragu kusan sau dubu. Shekara ashirin kacal, yaron da aka haifa ranar hoton farko bai yi aure ba tukuna.

Abin da ya rage a tsakiya suna kiransa farin wada. Girmansa kamar duniya, nauyinsa fiye da rabin rana, ba ya cin wuta kuma, sai hucewa kamar garwashin da aka janye wa itace. Ya matsu har cokalin shayi ɗaya na jikinsa zai kai tan biyar, buhun masara hamsin ke nan. Ba kowane tauraro ke bin wannan hanya ba. Wanda ya ninka rana nauyi fiye da sau takwas fashewa yake yi gaba ɗaya, wannan wani babi ne na dabam.

To, malamai, ga abin da na fi so ku riƙe. Kun san Shi'ira, tauraron da ya fi kowane haske da dare, wanda waɗansu Larabawan jahiliyya suka bauta wa, har Allah Ya ambace shi da suna a Suratun Najmi Ya bayyana cewa Shi ne Ubangijinsa. A 1844 wani Bajamushe, Besel, ya lura Shi'ira tana tangaɗi a tafiyarta, ya ce lalle akwai abin da ke janta wanda ba a gani. A 1862 aka gan shi da madubi a Amurka. Farin wada ne, yana kewaya tare da ita sau ɗaya cikin shekara hamsin. A dā ya fi ta girma da haske, ya tsufa, ya kumbura, ya zubar da jikinsa tun kimanin shekara miliyan 120 da suka wuce. Ashe duk lokacin da ake yi mata sujada, gawar ɗan'uwanta tana gefenta. Annabi Ibrahimu, aminci ya tabbata gare shi, ya kafa wa mutanensa hujja da faɗuwar tauraro a yamma, kamar yadda ya zo a Suratul An'ami. Mu an nuna mana abin da ya fi faɗuwa. Abin da bai iya riƙe jikinsa ba, ta yaya zai riƙe auren 'yarka? In mai duba ya ce maka tauraronka ya yi kaza, tambaye shi wanne ne, nisansa nawa, shekararsa nawa, da me aka yi shi. Ɗan makarantar sakandare na Ikara da ya kula da karatunsa zai fi shi amsa.

Akwai abin da har yau suke aiki a kai. Tauraro dunƙulalle ne, ya kamata likkafaninsa ya fita dunƙulalle, amma wajen ɗaya cikin biyar ne kawai haka. Saura wani kamar kalangu, mai tsukakken ƙugu, wani kamar malam-buɗe-littafi, wani da hannuwa biyu. Mafi yawan masana yanzu sun karkata ga cewa aboki ne ke jawo haka: tauraro na biyu yana kewaya mai mutuwa, yana juya abin da yake zubarwa kamar muciya a tukunya, wani lokaci ma ya nutse cikin jikinsa. Madubin Jems Web, wanda aka harba ranar 25 ga Disamba 2021, cikin hotunansa na farko da aka nuna ranar 12 ga Yuli 2022 akwai Zoben Kudu, aka ga ƙaramin tauraron da ya yi shi lulluɓe da ƙura, kuma masu nazarin hoton suka ce alamu sun nuna taurari huɗu ko biyar ne suka yi tarayya a siffarsa. Ni dai na ga hujjar masu wannan ra'ayi ta fi ƙarfi.

Ina da gargaɗi biyu, kuma ga namu nake yi. Akwai hoton Idon Kyanwa da Habul ya ɗauka a 1994, ja kamar fure, wanda ya yi ta yawo a wayoyin mutane ana cewa shi ne tafsirin ayar Suratur Rahmani mai zancen tsagewar sama. Niyyar masu yaɗawa mai kyau ce, amma ku bari. Ayar tana magana a kan ranar alƙiyama, haka malaman tafsiri suka tafi. Launin hoton kuma masu aikin ne suka raba shi, suka ba kowane sinadari launi don a bambance su. Wanda ya duba da idonsa a madubi kore-shuɗi zai gani. In ka jingina Alƙur'ani ga hoto, ranar da yaro ya gane an sa wa hoton launi, me ka koya masa? Littafin Allah bai bukaci wannan tallafi ba. Haka nan wani hazo da ake kira Heliks, waɗansu Turawa sun yi masa laƙabi da idon Mahalicci, namu suna maimaitawa. Allah Ya tsarkaka daga haka, kada bakin almajiri ya faɗe shi.

Gargaɗi na biyu a kan rana ne. Masu hisabi sun ce shekararta wajen miliyan 4,600, kuma in ta bi hanyar 'yan'uwanta za ta zama jan ƙato bayan kimanin shekara miliyan 5,000. Wani nazari na 2018 ya nuna nauyinta ya isa ta bar likkafani, amma mai rauni, da ƙyar. Kada wani ya ce sun yi da'awar sanin Sa'a, kada wani kuma ya ce ashe alƙiyama da saura. Wannan hukunci ne na al'ada, irin wanda kuka karanta a littattafan tauhidi, kamar manomi ya ce geron nan zai nuna bayan wata uku. Ya faɗi gaskiya bisa al'ada, amma bai yi alkawarin shi ko geron za su kai ba. Sa'a saninta na Allah ne Shi kaɗai.

Abin da tauraro ya zubar ba ya tafiya banza. Kabon da naitirojin da aka dafa a cikinsa suna gauraya da ƙurar sarari, daga nan a gina waɗansu taurari da duniyoyi. Masana sun ce babban rabo na kabon da ke duniyar nan ta wannan hanya ya zo, har da wanda ke cikin gawayin da kuke dafa tawada da shi.

Ku almajirai, kada ku ce wannan aikin masu manyan madubai ne kaɗai. A Fabrairu 1996 wani mutumin Japan, Yukiyo Sakurai, wanda kallon sama sha'awa ce gare shi, ya ga wani tauraro ya yi haske a burjin Ƙausu. Da masana suka duba, sai ga shi tauraro ne da ya riga ya zubar da likkafaninsa, ya kama hanyar zama farin wada, sa'an nan ragowar hiliyam ya sake kamawa, ya kumbura, cikin 'yan shekaru ya ɓuya a baƙar ƙurarsa. Har yau da sunansa ake kiran tauraron. Jami'ar Ahmadu Bello tana nan Zariya tun 1962, ana karantar da hisabi da ilmin ɗabi'ar abubuwa, Nijeriya kuma tana da hukumar sararin sama tun 1999, da cibiyar falaki a Nsukka. Wanda ya iya hisabin rabon gado, wannan ba zai gagare shi ba. Kwamitin ganin wata na Sarkin Musulmi ma yana bukatar masu wannan sani daga cikinmu.

Allah Ya ba mu abin da mutanen Landan ba su da shi. Muna kusa da tsakiyar duniya, muna ganin taurarin arewa da mafi yawan na kudu, kuma dare a ƙauyukanmu dare ne. Lokacin da ya fi shi ne kaka, bayan ruwa ya ɗauke, kafin hazon hunturu ya sauko, a daren da babu wata. Bayan lisha ku dubi arewa maso yamma, za ku ga farin tauraro mai haske, Nasrul Waƙi'i. Kusa da shi akwai huɗu ƙanana kamar allo a karkace. Tsakanin biyun da suka fi nisa da shi Zobe yake, mai lamba 57, sai dai shi yana son madubi na sosai. Haskensa ya baro shi wajen shekara 2,500, tun kafin haihuwar Annabi Isa. Mai lamba 27 kuwa tabarau mai ido biyu irin na mafarauta ya isa a gan shi kamar ɗan tabon toka, arewa da Nasruɗ Ɗa'iri. Heliks yana kudu, a burjin Dalwu, kimanin dunƙulen hannu ɗaya daga Famul Huti in ka miƙa hannunka. Yana cikin mafi kusa, tafiyar haske ta shekara 650, watau hasken da zai shiga idonku ya taso tun zamanin Sarkin Kano Yaji, wanda tarihin Kano ya ce a lokacinsa Wangarawa suka zo da Musulunci.

Wanda ba shi da tabarau, ga aikin da ido ya isa. Kudu da Kaza, ta wajen yamma, a surar da Larabawa ke kira Ƙaiɗas, akwai jan tauraro mai suna Mira, wanda aka lura da halinsa tun 1596. Yana cikin magagin nan da na faɗa muku, yana zubar da jikinsa yanzu haka. Ya kan yi haske har kowa ya gan shi, sa'an nan ya dushe ya ɓace wa ido wata da watanni, ya komo, kowane zagaye kwana 332. Ina roƙon kowace makaranta ta sa almajiri biyu su riƙa dubansa daren Juma'a, su rubuta kwanan wata da ko sun gan shi, da wane tauraro na kusa ya yi daidai da shi a haske, su kawo mana takardar a taron baɗi in Allah Ya kai mu, mu gwada ta Kudan da ta Makarfi.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.